Gadon da Ake Ci Daga Maƙwabta: Jawabi ga Malaman Dutsin-Ma da Kurfi



Mun saba koyar da cewa hali da kama daga iyaye ake gadonsu. Ƙwayoyin bakteriya kuwa har maƙwabta suke gada. Joshua Lederberg da Edward Tatum ne suka gano haka a Amurka a 1946. Ƙwaya takan miƙa siririn zare ta jawo 'yar'uwarta, su manne, ta zura mata kwafin wani ɗan zoben gado mai suna filasmid. In zoben na ɗauke da sirrin jure magani, wadda ta karɓa ta gagara, ita ma ta miƙa wa wata. A 1959 masana a Japan suka tabbatar da irin wannan musaya tsakanin ƙwayar atini da ƙwayoyin hanji. Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

Kafson da aka saya a kasuwar Dutsin-Ma ko Kurfi ba da umarnin likita ba, aka ba yaro ko aka ɗura wa akuya, raunana yake kashewa, ya bar wa masu zoben fili. Ranar da ciwo ya yi tsanani, sai magani ya ƙi ci.

Don Allah mu kai wannan darasi aji, mu kai shi gida. Allah ya ba mu lafiya.