Ciwon Firgici Bayan Musiba: Jawabi Ga 'Yan Agaji Da Jama'ar Ikara, Makarfi Da Kudan

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka afka wa masallata a Saya-Saya, cikin Ƙaramar Hukumar Ikara, ana sallar Isha'i. An yi jana'izar waɗanda suka rasu, Allah ya gafarta musu. To amma waɗanda suke cikin sahu a daren nan suka tsira fa? Waɗanda suka ɗauki gawawwakin fa? Haka kuma ɗan agajin da ke zaro mutane daga cikin motar da ta yi haɗari a Tashar Yari, kan hanyar Zariya zuwa Kano, wa yake tambayar yadda ya kwana?

Likitoci sun tabbatar cewa wanda ya ga kisa ko mummunan haɗari yana iya kamuwa da ciwon firgici bayan musiba. A shekarar 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya shi cikin jerin cututtuka, bayan abin da aka gani ga sojojin da suka komo daga yaƙin Biyetnam. Abin da ya faru yakan riƙa dawo wa mutum a mafarki ko a farke, kamar yanzu yake faruwa. Yakan guji wurin, har wani ya kasa shiga masallaci da dare. Barci ya ƙaurace masa, ƙarar ƙofa ta zaburar da shi, ya riƙa faɗa da iyali ba dalili. Firgicin kwanakin farko ba abin mamaki ba ne, kuma yawanci yakan lafa da kansa. Idan ya wuce wata 1 yana hana mutum harkokinsa, to ya zama ciwon da ke bukatar magani.

A nan ne ake yin kurakurai biyu. Na farko, a ce raunin imani ne. Wannan magana ba ta da hujja. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, alhali yana Annabi mai haƙuri. Manzon Allah (SAW) ya komo daga kogon Hira zuciyarsa tana kaɗawa, Nana Khadija ta lulluɓe shi, ta kwantar masa da hankali, sannan ta kai shi wurin Waraƙa bin Naufal, mai ilmin al'amarin. Kuskure na biyu, a ce iska ce, a kai shi gidan boka ko 'yan bori, a rataya masa laya. Sai a yi asarar dukiya, a yi asarar aƙida, ciwon kuma yana nan.

Hanyar Sunna ita ce addu'a da ruƙya ta shari'a tare da neman magani wurin masana. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, Kaduna. Babban maganin wannan ciwo shi ne zama da ƙwararre ana tattaunawa daki-daki, wani lokaci a haɗa da ƙwaya. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma da yawa suna warkewa da ikon Allah.

Shugabannin 'yan agaji, ku riƙa duba yaranku bayan kowane aiki mai nauyi, ku ba su hutu. Kada a tilasta wa kowa ba da labari, amma wanda ya so magana a saurare shi, a rufa masa asiri. Ku lura da wanda ya janye daga jama'a ko ya fara shan ƙwaya don ya sami barci. Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Limamai, ku faɗi wannan a kan mumbari daga Hunkuyi har Ikara, ku isar da shi ga mata a makarantun Islamiyya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.