Makarantar Gwamnati ko ta Yarjejeniya? Yadda Muka Nema wa Yaranmu Midil a Birnin New York

(Jawabin da wani ɗan Ƙungiya mazaunin Amurka ya gabatar a taron shekara-shekara)



Mai girma Shugaban taro, iyayenmu malamai, yayye da ƙanne tsofaffin ɗalibai. Sakataren Ƙungiya ya ce tun da Allah ya kawo ni gida a daidai lokacin taro, ba zan ci abinci in suɓale haka nan ba, sai na faɗi wani abu game da karatun yara a inda nake zaune. Tsayawa gaban waɗanda suka koya wa mutum riƙe alƙalami ya yi maganar ilmi abu ne mai nauyi, saboda haka in na yi tuntuɓe, malamai a yi mini afuwa kamar yadda aka saba.

Iyayenmu da suka ga zamanin Turawa sun san Midil. To, a Amurka har yanzu sunan yana nan. Yaro yakan gama firamare a aji 5, ya shiga Midil daga aji 6 zuwa 8, wato daga shekara 11 zuwa 14 ke nan, kusan daidai da ƙaramar sakandare tamu. A birnin New York, uban da ba shi da kuɗin makaranta mai zaman kanta yana da hanya biyu. Ta farko ita ce makarantar gwamnati da kowa ya sani, wadda Hukumar Ilmi ta birni take gudanarwa a gundumomi 32. Ta biyu ita ce wadda suke kira "cata", ni kuwa zan kira ta makarantar yarjejeniya.

Da yawa daga cikin mutanenmu suna zaton ta yarjejeniya makarantar kuɗi ce. Ba haka ba ne. Ko sisi ba a biya, da harajin jama'a ake tafiyar da ita. Bambancin shi ne wata ƙungiya ce take karɓar izini, yawanci na shekara 5, ta ɗauki malamanta, ta tsara lokacinta da dokokinta, bisa sharaɗin cewa in yara ba su koyi abin kirki ba za a iya karɓe izinin a rufe makarantar. Jihar Minnesota ce ta fara yin dokar haka a 1991, Jihar New York ta bi sahu a 1998. Yanzu akwai irinsu fiye da 270 a cikin birnin, galibi a unguwannin talakawa kamar Harlem da kudancin Bronx da tsakiyar Brooklyn. Sau da yawa ma gini ɗaya suke zaune da ta gwamnati, wannan a hawa na biyu, waccan a na huɗu, yara suna haɗuwa a kan matakala, wasu da yunifom wasu babu.

Allah ya ba ni yara biyu da suka wuce wannan mataki, kuma kowanne hanyarsa daban.

Babban namiji ne, mai kai amma mai wasa. Muka cika masa fom na makarantun yarjejeniya kafin 1 ga Afrilu, wadda ita ce ranar rufe karɓa kafin a jefa ƙuri'a. Babu jarrabawar shiga. In masu nema sun fi gurabe yawa, ƙuri'a ake yi, sai dai ana fifita wanda yake da wa ko ƙane a makarantar da kuma mazaunin gundumar. Ƙuri'a ta faɗa masa. Ya fara tun daga aji 5, domin da yawa daga cikinsu a nan suke soma Midil, abin da iyaye da dama ba su sani ba sai gurabe sun cika. Yakan fita da duku-duku, ba ya dawowa sai bayan La'asar. In bai yi aikin gida ba, kafin Magariba waya ta iso ga uwarsa. Rigar da ba a soke cikin wando ba laifi ce da ake rubutawa. Na rantse, ranar farko da na leƙa na ga yara suna tafiya a layi ba mai tari, sai na tuna da fareti na safiyar Litinin a nan makarantarmu. Lissafinsa kuwa ya tashi ƙwarai, wannan ba zan ɓoye ba. Binciken da masana na Jami'ar Stanford suka yi ya nuna haka ma, cewa yaran makarantun yarjejeniya na birnin suna gaba da takwarorinsu, musamman a lissafi.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. A cikin shekara huɗu ya ga malaman lissafi sun fi biyar, yawancinsu matasa ne da ba sa daɗewa, don aikin yana da gajiyarwa, kuma akasarin waɗannan makarantu malamansu ba sa cikin ƙungiyar malamai. Na biyu, abokansa da suka fara tare sun yi ta raguwa. Wani an ce ya maimaita aji, uwarsa ta cire shi. Wani an dakatar da shi sau da dama har iyayen suka gaji. Ba wanda aka kora a rubuce, amma duk sun koma makarantar gwamnati, wadda dole ta karɓi duk wanda ya zo, ko a tsakiyar zango ne. Malamai kun fi ni sanin wannan lissafi: in raunanan aji suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, sakamakon waɗanda suka rage zai yi kyau ko da ba a ƙara komai ba. Ba na cewa wannan ne dukan sirrin nasararsu, don na ga aiki da idona. Ina dai cewa wanda ya nuna maka yawan waɗanda suka ci jarrabawa, ka tambaye shi nawa suka shiga aji 5 kuma nawa suka fita aji 8.

Ƙaramar mace ce, mai shiru, wadda in aka daka mata tsawa sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Uwarta ta ce ba za a kai ta inda aka kai wanta ba, kuma na ga gaskiyarta. Muka bi hanyar gwamnati. A nan ana jera makarantun da ake so bisa fifiko tun wajen watan Disamba, amsa ta fito da bazara. Wasu suna duba sakamakon yaro na aji 4, wasu suna fifita mazauna kusa, wasu ƙuri'a. Ta samu wadda muka sa ta biyu. Malamar da ta koya mata kimiyya ta shekara kusan ashirin a ɗaki guda, ta koyar da yayye da ƙanne. Akwai kulob na zane da na muhawara, akwai mai ba yara shawara. Tun 2015 aka sanar cewa makarantun gwamnatin birnin za su riƙa yin hutu ranar Ƙaramar Salla da Babba, saboda haka ita muna zuwa idi da ita hankali kwance. Shi kuwa wan, makarantarsa ita take tsara kalandarta, sai mun rubuta takardar uzuri, ya dawo ya tarar an wuce shi da darasi. A 2022 kuma aka yi dokar rage cunkoso, wadda ta ce ajin Midil na gwamnati kada ya wuce yara 23, ana aiwatar da ita sannu a hankali. Na ga wasu malamai suna murmushi. Na san adadin da kuke fama da shi.

Sai dai a aji 7 lissafinta ya zube wata uku cur ba wanda ya kira mu. Yarinya mai shiru ba ta damun kowa, saboda haka ba wanda ya lura. Sai da katin sakamako ya zo muka farka. Da a makarantar wanta ne, da mun ji tun makon farko.

In aka tambaye ni wacce ta fi, amsata ita ce babban ɗana horon ya yi masa amfani, ƙaramar kuwa da ya karya ta. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ya samun zaɓin ma sam. Akwai maƙwabcina a Bronx, Bahaushe daga Nijar, direban tasi, yana fita da dare ya dawo da asuba. A unguwar akwai Hausawa da dama, na Nijar da na zangunan Ghana. Takardun Hukumar Ilmi ana fassara su zuwa harsuna da yawa, har da Faransanci da Larabci, amma babu Hausa. Takarda ta zo gidansa ta kwanta a kan firiji. Disamba ta wuce, Afrilu ta wuce. Aka tura yaronsa makarantar da ke da sauran gurbi, wadda mutanen da suka san gari suka guje wa. Da na ji, muka cika fom na makarantun yarjejeniya uku, amma ƙuri'a ta riga ta wuce, sai aka sa shi a ƙarshen jerin masu jira. Yaron kuwa ya fi nawa biyun kaifin ƙwaƙwalwa. A farkon aji 8 ne ake rubuta jarrabawar shiga manyan sakandare na gwamnati irin su Stuyvesant da Bronx Science, kuma wanda bai samu tushe mai kyau a aji 6 da 7 ba, da wuya ya tsallake ta.

Tun daga nan, duk watan Oktoba mu 'yan kaɗan mukan zauna a masallacin unguwa bayan sallar Juma'a da kwamfuta guda, mu cika wa iyaye fom na hanyoyin biyu gaba ɗaya, tun da doka ba ta hana a nemi duka ba. Mukan ce wa uba ya je makarantar da ƙafarsa lokacin tashi, ya dubi yadda yara suke fitowa, ya tambayi shekara nawa malamai suke yi, ya tambayi abin da ake yi wa yaron da bai iya Turanci sosai ba. Yaron maƙwabcina yana aji 7 yanzu, ɗana yana zama da shi ranar Asabar suna lissafi, kuma mun sake cika masa fom ko gurbi zai samu.

Mai girma Shugaba, na ga ana nuna mini agogo. Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya.