Jawabi Ga Masu Tirela Da Direbobinsu: Taya, Iska Da Nauyin Kaya

Jama'a, sanin kowa ne cewa kifin da ake saya a kasuwar Kado ta Abuja, wani kaso daga cikinsa a bayan manyan motoci yake isowa, bayan doguwar tafiya daga kudu ta hanyar Lakwaja. Duk wannan dukiya, da ran direba, da na yaron mota, da na sauran masu bin hanya, a kan tayoyi suke. Babban abokin gabar taya kuwa shi ne zafi, kuma abu biyu ke haddasa shi: ƙarancin iska da yawan lodi.

Idan iska ta yi kaɗan, gefen taya yakan riƙa lanƙwashewa a kowane juyi, robar ta ɗauki zafi, wayoyin ciki su saki, daga nan sai fashewa. Abin ya fi muni a watannin Maris da Afrilu, lokacin da kwalta take kamar garwashi. Saboda haka lalle ne a auna iska da ma'auni, da sassafe, kafin mota ta motsa. Ƙwanƙwasa taya da ƙarfe ba awo ba ne. Kada kuma a rage iskar tayar da ta yi zafi a hanya, domin in ta huce za ta gaza. A ƙafafun da ake jera tayoyi biyu-biyu, in ɗaya ta yi sanyi, 'yar'uwarta ce ke ɗaukar nauyin duka, har ita ma ta fashe.

Game da lodi, kowace taya tana da iyaka, an kuwa rubuta ta a jikinta. Wadda aka rubuta wa 156/150 tana ɗaukar kilo 4,000 in ita kaɗai ce, amma kilo 3,350 in an haɗa ta da wata. Mai kayan da ya matsa wa direba ya zarce wannan iyaka don ya rage sawu, ya sani tanadin da ya yi bai kai kuɗin mota ba. Hanya ma tana ɗanɗanawa. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16.

Taya tana tsufa ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 1223 na nufin mako na 12 na shekarar 2023. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da tsofaffin tayoyi 'yan gwanjo, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna duba lafiyar tayoyi a bisa hanyoyi.

Kamata ya yi mai mota ya sayi ma'aunin iska ya ajiye a cikin kowace tirela, direba kuma ya ƙi ɗaukar abin da ya wuce ƙa'ida. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.