Padilla da Waƙoƙin Babban Cocin Puebla



Mutumin da zan yi magana a kansa, Juan Gutiérrez de Padilla, an haife shi a garin Malaga na ƙasar Sifaniya wajen shekarar 1590. Ya shugabanci mawaƙan coci a Jerez da Kadis, sannan ya hau jirgin ruwa ya tsallaka teku zuwa Meksiko, wadda a lokacin Sifaniyawa ke mulka da sunan Sabuwar Sifaniya. A 1622 yana birnin Puebla yana taimaka wa wani dattijo, Gaspar Fernandes, shugaban mawaƙan babban cocin birnin. Da Fernandes ya rasu a 1629, Padilla ya gaje shi, ya riƙe shugabancin waƙa na babban cocin har mutuwarsa a 1664. Shekara 35 a kujera ɗaya.

Ku ɗan rufe ido ku shiga cocin nan da ni. A tsakiyar ginin akwai wani keɓaɓɓen wuri mai kujerun katako jere biyu, suna fuskantar juna. Rukuni ɗaya na mawaƙa a dama, ɗaya a hagu, yara masu siririyar murya a gaba, manya a baya. A tsakiya an girke wani ƙaton littafi a kan maɗori, rubutunsa manya-manya don kowa ya hango daga inda yake tsaye. Don wannan tsari Padilla ya yi mafi kyawun aikinsa. A addu'ar da ake kira Missa Ego flos campi, muryoyi takwas ne aka raba gida biyu: wannan gefe ya ɗauko, wancan ya amsa, wani lokaci ya katse shi tun bai gama ba, can sai su haɗu su cika ginin har rufi. Bahaushe da ya girma da jin amshi ba zai ji baƙunta a nan ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda yake maimaita gajeriyar jumla guda, yana dawo da ita bayan kowane sashe, har ta zauna a kunnen mai sauraro ko bai san Latin ba.

Kuɗi ma sun taimaka. Bishop Juan de Palafox, wanda ya iso a 1640, ya matsa aka ci gaba da ginin har aka keɓe shi a 1649, kuma ya riƙe mawaƙa da mutunci. A ƙarƙashin Padilla aka yi Francisco López Capillas, wanda daga baya ya shugabanci waƙa a babban cocin birnin Meksiko.

To, amma akwai wani ɓangare da nake so mu tsaya a kansa. Duk Kirsimeti Padilla kan tsara waƙoƙin biki da harshen Sifaniyanci, waɗanda ake kira villancico. A cikinsu akwai nau'in da ake ce wa negrilla, inda mawaƙan coci ke kwaikwayon yadda bayin Afirka ke karya Sifaniyanci, da sautin ganga da tsalle-tsallen kiɗa. Waƙoƙin suna da daɗi, babu musu, yau ma ana rera su a Turai da Amurka ana tafi. Sai dai mutanen da ake kwaikwayo suna nan a Puebla a lokacin, an kawo su ne a ɗaure, yawancinsu daga yammaci da tsakiyar Afirka. Ana iya cewa wasunsu na tsaye a bakin ƙofa suna jin ana dariyar bakinsu a ɗakin ibada. Wannan yana ci mini rai, kuma ban ga dalilin ɓoye shi don ina son waƙar ba.

Ƙari a kan haka, Padilla yana da shagon ƙera kayan kiɗa, inda baƙaƙen fata ke aiki, ana sayar da kayan har Guwatemala. Cikin kayan busawa na cocin akwai chirimía, 'yar'uwar algaitarmu ta jini. Hannun da ya sassaƙa itacen, ya huda ramukan, ya gwada sautin da kunnensa, shi ma yana cikin wannan kiɗa.

A 1663, shekara ɗaya kafin rasuwarsa, hukumar cocin ta ba da umarni a tattara waƙoƙinsa a adana. Littattafan suna nan a Puebla har yau, kuma daga cikinsu mawaƙan zamaninmu ke kwafo abin da za ku ji yanzu. Bari a kunna mana sashen farko na Missa ɗin.