Tunawa da Baba Saje: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara-Shekara na Ƙungiya



An umarce mu da mu ce wani abu game da mahaifinmu marigayi Baba Saje, wanda Allah ya yi wa rasuwa da damina bayan ya haura shekara ɗari a duniya. Mun ce ya haura ɗari ne bisa lissafinsa, domin a zamaninsu ba a yankar takardar haihuwa. Shi dai yakan ce lokacin da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1938, ya riga ya soma zuwa gona shi kaɗai. Kuma bari mu faɗa tun yanzu, takardarsa ta sallama ta nuna a kofur ya tsaya. Mutanen gari ne suka ƙara masa igiya, shi kuwa bai taɓa musu ba.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila, Turawa sun nemi sojoji ta hannun sarakuna da hakimai. Haka Baba ya bar gari tare da wani amininsa daga ƙauyen da ke tsallaken rafi. Aka horar da su a Zariya, aka sa su jirgin ƙasa zuwa Legas, daga nan jirgin ruwa ya kwashe su zuwa Indiya a 1943, cikin Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma. A 1944 suka shiga kwarin Kogin Kaladan a ƙasar Bama, inda suka gwabza da sojojin Japan. Daji ne mai duhu, ga tsaunuka, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ba hanyar mota. A ka ake ɗaukar harsashi da kayan asibiti, abinci kuwa daga jirgin sama ake jefo musu. Baba yakan ce zazzaɓi da gudawa sun fi bindiga ba shi tsoro.

Ku da ke zaune a birane kullum kuna wucewa ta gaban wannan tarihi. Barikin Dodan, da na Arakan, da na Myohaung a Legas, Barikin Dalet a Kaduna, da na Chindit a Zariya, duk sunaye ne da suka samo asali daga yaƙin Bama. Su Baba ne suka taka waɗannan wurare da ƙafarsu.

Amininsa bai dawo ba. A bakin kogin nan ya cika, bayan ya bar wa Baba amanar ɗansa da ya baro a goye. Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, amma sai a 1946 Baba ya iso gida. Kafin ya kwana biyu a ɗakin mahaifiyarsa, sai ya tsallaka rafi ya kai ta'aziyya, ya roƙi dangin yaron su ba shi riƙonsa. Da ɗan kuɗin sallamar da aka ba shi, wanda bai taka kara ya karya ba, ya sayi keken ɗinki, ya yi aure. Wannan maraya shi ne ɗan fari a gidansa, kuma da yawa daga cikinmu sai da muka girma muka san ba shi ya haife shi ba.

Abin da ya hana shi ƙarin girma a soja, in ji shi, rashin iya karatun boko ne, kuma abin ya tsaya masa a rai. Saboda haka a lokacin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu idan an zo ɗaukar 'yan makaranta, shi da hannunsa ya kai nasa, har da mata, aka yi ta yi masa surutu. Mu da muka fito daga kwalejin horar da malamai muka soma koyarwa a nan bayan shirin ilimi kyauta na 1976, mun same shi yana zagaya gari da sassafe da 'yar sandarsa yana koro masu fashi. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya biya shi ko kwabo.

A cikin gida kuwa ba soja ba ne. Ba a taɓa jin muryarsa ta katanga ba. Da uwargidansa ta kwanta ciwon ajali, shi yake dama mata kunu, shi yake juya ta, alhali gidan cike yake da 'ya'ya da jikoki.

Yanzu ga inda laifinmu yake. Shekara da shekaru muna cewa za mu zauna da shi mu ɗauki labarinsa a kaset, har zamanin kaset ya wuce, wayar hannu ta zo, ba mu yi ba. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, yakan sa lambarsa ta Tauraron Bama ya zauna a zaure, kuma ba safai wani daga cikinmu yake leƙa shi ba. Zauren nan yau ya tsage, amaryarsa tsohuwa tana ciki da marayu uku na jikokinsa.

Don haka muna roƙon Shugaba ya gabatar wa taro abubuwa biyu kafin a tashi: a gyara zauren kafin ruwa ya sake sauka, sannan ƙungiya ta ɗauki nauyin karatun marayun nan har su gama sakandare. Iyalansa sun amince a ajiye lambobinsa da takardar sallamarsa a ofishin hedimasta, idan an samu akwatin gilashi. Ma'aji yana nan bakin ƙofa da rasit.

Allah ya jiƙan Baba Saje da amininsa, ya sa Aljanna makomarsu.