Jawabin Ƙaddamar da Gwajin Ji na Jarirai a Sabo, Ibadan

 

Tun 1916 aka kafa unguwar Sabo, kuma tana maƙwabtaka da wuraren da jama'a ke yo doguwar tafiya domin su. Asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, yana nan kusa da Mokola. A garin nan ne Andrew Foster, baƙar fatan Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a 1960. Duk da haka, sau da yawa yaron Sabo ba ya isa hannun likitan kunne sai ya shekara uku ko huɗu.

Jinkirin daga gida yake farawa. Kwano ya faɗi kusa da jariri bai razana ba, sai a ce yaro ne mai haƙuri. Ya shekara biyu bai ce "Baba" ba, kaka ta ce nauyin baki ne, ubansa ma haka ya yi. Alhali ƙa'idar masana ita ce a gwada jin jariri cikin watan farko, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida.

Sauran cikas ɗin sananne ne. Jaririn da aka haifa a gida ba ya haɗuwa da na'urar gwaji. Na'urar ƙara ji tana da tsada, batirinta ma kuɗi ne. Uwar da ba ta jin Turanci ko Yarabanci takan fito daga ɗakin likita da takarda a hannu, ba ta san abin da aka ce mata ba. Wasu kuma kunya ke sa su ɓoye yaro a ɗaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. Shawarar jarirai, sanƙarau, ƙyanda da ruwan kunne, waɗanda kan jawo kurumta, duk suna da magani ko rigakafi.

Gwajin da ake ƙaddamarwa yau minti kaɗan ne, ba zafi, jariri na barci ake yi. Ana roƙon limamai su riƙa tunatarwa a wurin raɗin suna, ungozomomi su tura masu jego, 'yan kasuwa kuma su ɗauki nauyin tafinta da kuɗin na'ura.