KUTURUN GERO: TA INA YAKE SHIGA GONA?

Jama'a manoman Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.

Yau maganarmu a kan kuturun gero ce. Kowa ya san shi. Sai ka ga gero ya fid da kai, amma maimakon tsaba, zangarniyar ta zama tulin ƙananan ganyaye. Wasu na cewa ƙasa ce ta gaji. A'a, cuta ce mai kama da funfuna, kuma tana da hanyoyi uku na yaɗuwa.

Hanya ta farko, ƙasa. Gero mai cutar idan ya bushe, ganyensa da zangarniyarsa cike suke da ƙwayoyin cutar, waɗanda ido ba ya gani. Suna zuba a gona, su kwanta shekaru suna jira. Zafin bazara ba ya kashe su. Da ruwan shuka ya sauka, sai su kama geron tun yana tsiro.

Ta biyu, iri. Wajen sussuka, ƙurar zangarniya mai cuta takan manne a jikin tsaba mai lafiya. Ka ga ke nan mutum da hannunsa zai kai ta gonar da ba ta da ita.

Ta uku, iska da raɓa. Ka shiga gona da sassafe, ka juya ganyen da ya yi ɗorawa-ɗorawa daga gindinsa. Za ka ga wani fari-fari kamar gari a bayansa. Wannan da dare yake fitowa idan akwai laima, iska da yayyafi su ɗauke shi zuwa shukar da ke kusa. Rana tana kashe shi da wuri, shi ya sa cutar ta fi ƙarfi a shekarar da ruwa ya yi ta jerawa. Ƙaramin gero ya fi saurin kamuwa, don haka wanda ya makara da shuka kusa da gona mai cutar shi ne a gaba.

To, mene ne abin yi?

1. Ka zaɓi iri tun a gona, daga zangarniya mai lafiya, ka sussuke shi daban.

2. Ka cuɗa irin da magani kamar Apron Star kafin shuka, bisa awon da ke jikin takardarsa. Irin da aka sa wa magani ba a ci, ba a ba dabba ko kaji.

3. Ka nemi iri mai juriya, kamar SOSAT-C88, wanda Cibiyar Binciken Tafkin Cadi ta Maiduguri ta fitar a 2000.

4. A watan farko, lokacin cira da noman firi, duk shukar da ka ga alama ka tuge ta, ka fitar da ita daga gona, ka binne ko ka ƙone. Kada ka yar a kunya, kada ka zuba wa dabbobi, don cutar takan komo gona cikin taki.

5. Gonar da cutar ta yi wa yawa, ka hutar da ita daga gero da maiwa. Ka sa riɗi, gyaɗa ko wake, cutar ba ta kama su. Amma damina ɗaya ba ta isa ba.

A tuna, iska ba ta san iyakar gona ba. In ka tuge naka maƙwabcinka bai tuge ba, aikinka ya ragu amfani. Ku yi shawara, ku fita rana ɗaya. Mai neman ƙarin bayani ya ga malamin gona na JARDA da ke yankinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.